Durwa a Bayan A-kori-kura

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce Ɗan'azumi ya tsufa ya soma sakin baki. Ni dai da hannuwan nan nawa na tuƙo mota tun daga ƙauyukan Kunci, gidan gaba fayau, daga ni sai hulata, alhali a bayan bodi ga malamin Islamiyya sukutum, da gemunsa da carbinsa, durƙushe a kan yashi yana yi wa karya fifita da hannun babbar riga. Wanda ya ga ƙarya ce ya tashi ya ba wani benci, dama zafi ake.

Abin da ya tuno min, jiya a tashar nan na ji ɗaya daga cikinku, wancan mai askin da ya yi kama da gonar da aka nome rabi aka gudu, yana cewa mafarauta sun nemi ya kai su daji da karnukansu, wai ai ba wani abu ba ne, buɗe baya ne kawai ka ce su hau. Buɗe baya! Yaro, da haka aikin yake da akuya ma ta yanki lasin. Fasinja mutum in ya ji zafi zai zage ka, in fitsari ya matse shi zai daki bodi, in amai ya taso masa zai ce direba tsaya don girman Allah. Kare ba ya cewa komai. Yana nan yana kallonka da harshe a waje kamar mai dariya, kai kana cewa daɗi yake ji, ashe sallama yake yi maka.

Ranar da na fara aiki a wajen maigidana Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa, bai nuna min giya ba, bai nuna min birki ba. Motarsa a-kori-kura ce, tsohuwa tukuf, ta girmi hanyar da take bi. Ni na yi imani ita aka fara ƙerawa, daga baya aka zo aka yi titi don a sama mata wajen tafiya. Da rana tsaka ya ce in cire takalmi in hau baya in tsaya a kan ƙarfen. Na hau. Wallahi rawar da na taka ranar, da akwai makaɗi a kusa da ya samu na cefane. Dogo yana gindin darbejiya yana sakace, ya ce, "To ka ji. Abin da tafin kare yake ji ke nan, shi kuma ba shi da bakin ihun nan naka."

Da na sauko ya ɗauko igiya ya zarga min a wuya, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen bodi, ya ja motar kaɗan ya taka birki. Sai ga kakata da ta rasu tana miƙo min fura. Ya kwance ya sake ɗaurawa, wannan karon ta ƙirji da ƙarƙashin hammata, ya kuma taka birki. Ban ji komai ba sai kunya. Karatuna na farko ke nan, kuma har yau ban ga makarantar tuƙin da take koyar da shi ba.

A lokacin direbobi gudun kare suke yi. In aka ga kare a motarka yau, gobe mata masu zuwa kasuwa da ƙorai sun ƙi hawa, su ce ka ɓata wajen. Dogo ya ce shi duk mai numfashi fasinjansa ne. Da an gama girbi an kai amfani gida, aka fara jin kiɗan farauta a ƙauyuka, to kasuwarmu ta buɗe. Mu ɗauka, mu kai, mu dawo da su, mu share bodi mu wanke tas kafin ranar kasuwa. Gidanmu ba a rasa zomo ko zabon daji a miya.

Kayan aikin ba a kanti ake sayensu ba. Na farko yashin rafi, a zuba a bodi ya yi kauri yadda ƙarfe ba zai ƙona ba, ƙafa kuma ta samu abin kamawa in an sha kwana. A kan yashin a shimfiɗa tsohon buhun gyaɗa, irin na igiya mai shan ruwa, ba na ledar nan da kuke gani yanzu ba. Ka jiƙa shi ka matse, iska na bugunsa yana yin sanyi kamar gindin randa. Sai zana guda a ɗaura daga sama ta zama rumfa, amma a bar gefe da gefe a buɗe, don kare a rufaffen wuri da rana, kafin ka gama gaisawa da surukinka ya dahu. Igiya ta rama ce mai laushi, kuma gajeriya: ta ishe shi ya kwanta, ya tashi, ya juya, kada ta ishe shi ya ɗora ƙafa a bakin bodi. Doguwar igiya ita ce ajali. Ya hango zomo ya yi tsalle, kai ba ka sani ba, ka iso gari kana jan abin da ba za ka so ka gani ba. Sai jarkar ruwa, da kwanonsa shi kaɗai. Kuma a kwantar da shi gefen da ba salansa, in ba haka ba hayaƙi ya hau masa kai ya sauka yana gaida bishiyoyi.

Wani lodi da na yi wa mafarauta da rani, akwai wani mai son karensa fiye da 'ya'yansa. Don tausayi, kafin mu tashi ya jiƙa masa ƙanzo cikin akushi, ya ƙara masa da fura, wai kada ya ji yunwa a hanya. Na ce kada. Ya ce karensa ne ko nawa. Muna hawa gargada aka fara. Jama'a, abin da ya fito daga cikin karen nan ya fi karen yawa. Na ga ƙanzon ranar, na ga na jiya, na ga wani da ya ci tun yana ɗan kwikwiyo. Mai karen ya iso daji wandonsa a hannu. To ku riƙe: kare mai tafiya gobe, cin jiya da yamma shi ne na ƙarshe. Da safe ruwa kaɗan, a zaga da shi bayan gari ya rage ciki. A bar shi ya shinshina motar tana kashe, taya da taya, har ya gamsu ba kura ba ce. Mai shi ya fara hawa, sannan shi. In da tsohuwar rigar mai shi, a jefa masa ya kwanta a kai. Sai duk an yi wannan za ka murza makulli. Kuma tuƙin, ka ɗauka ƙwaryar nono ce cike fal a bayanka ba faifai.

Amma in komai ya zauna daidai, babu fasinja mai daɗin ɗauka kamarsa. Ni rabin tuƙina a madubi na yi shi. Za ka ga ya ɗaga hanci, ido a lumshe, kunnuwa na kaɗawa, yana karanta garuruwa tun ba a hango su ba. Hanci ya motsa hagu, ka san ana dafa daddawa a wancan ƙauyen. Ya motsa dama, ana suyar ƙuli. Gonaki suna wucewa a bayansa, kuka da gawo da rumbuna, mata a bakin rijiya, duk suna tafiya da baya a cikin ɗan madubin nan, shi kaɗai ne a tsaye cak kamar duniyar ce take tafiya ta bar shi. Wani sa'in sai in manta ina za ni. Na taɓa wuce garinmu da kaina ina kallon wani jan kare yana mafarki ido biyu.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ruwa ya ɗauke gero yana da ciki bai haihu ba. Lokacin Dogo ya rasu, motar tana hannuna. Gonakin da suka saba haɗa kafaɗa tun daga Kunci har bakin birni suka koma kamar kan mai sanƙo. Rumbu in ka leƙa ka yi sallama sai muryarka ta amsa maka. Farauta ta mutu, zomon ma ya yi ƙaura bai bar sallahu ba. Mutane suna cin dusar da a da kare ake ba, to shi karen me zai ci? Ana sakinsu suna bin hanya. Fetur kuma ya ɓace. A gidan mai za ka shiga layi da baƙin gemu ka fito da furfura. Sai wajen 'yan bumburutu, su kuma rabin galan ɗinsu kananzir ne, rabi addu'a. Lodin shekarar duk na ƙaura ne: gado, turmi, tukwane, da tsofaffi a zaune a kan ƙullin kaya suna waiwaye.

A cikin bazarar shekarar wani mutum ya same ni a tasha, fari tas da shi, riga a goge, buta a hannu. Ya ce sunansa Malam Habu, yana koyarwa a wata Islamiyya a Ungogo. Ya zo ɗaukar mahaifinsa, Baba Ila, daga wani ƙauye a bayan Kunci. Tsohuwar, mahaifiyar Malam, ta rasu, rumbu ba komai, idon tsohon kuma ya yi rauni.

Na ce, "To Malam, ai wannan kowace mota ta ɗauka. Me ya sa sai ni?"

Ya duba hagu ya duba dama kamar zai sayi kayan sata. "An ce kai ne kake ɗaukar... akwai wata karya."

"Malam ɗaga murya mana, ai ba zagi ba ne."

Ya yi bayani. Baba ya rantse ba zai taka mota ya bar karyarsa Durwa ta mutu a kango ba. Shi kuma Malam gidan haya yake, tsakar gida ɗaya da mutane, ga iyayen yaran da yake koyarwa. In aka ga kare a ƙofarsa, bakin unguwa kaɗai ya ishe shi. Da ƙyar suka daidaita: za a ratsa ta Bagwai a ajiye ta wajen Audu Maharbi, tsohon abokin farautar Baba, wanda yake zaune kusa da dam, inda ko ba komai akwai kan kifi. Daga nan a wuce da Baba Ungogo.

"Sharaɗin Baba ɗaya ne," in ji shi. "Ta isa da ranta. In ta mutu a hanya, ya ce a mayar da shi ƙauye, shi ma a can zai jira tasa."

Washegari tun hantsi bai yi ba muna ƙofar gidan. Durwa ba wata kyakkyawa ba ce. Ja ce mai farin ƙirji, ta rame har kana iya koya wa yaro ƙirga da haƙarƙarinta, ga furfura a baki. Ba ta taɓa shiga mota ba. Baba Ila ya fito dogo siriri, tana manne da gwiwarsa ta hagu, hannunsa a kan wuyanta. Na yi mata duk abin da ake yi. Ta shinshina tayoyi, ta yi atishawa a na baya, wanda dama ni ma ban yarda da shi ba. Na buɗe wa Baba gidan gaba.

Ya ce, "Ina ita za ta zauna?"

"A baya, Baba. Ga rumfa, ga shimfiɗa, ta fi amarya gata."

"To ni ma can."

Malam ya ce, "Haba Baba, da girmanka? Ga kujera mai laushi."

"Laushin ya yi maka amfani. Kama ni in hau."

Aka ɗora shi. Malam ya tsaya a tsakani, ƙafa ɗaya ta nufi gaba, ɗaya ta nufi baya. Ku da kanku kun sani, a ƙasar nan ɗa ba ya hakimcewa a gidan gaba ubansa yana bodi. Kafin mu kai Ungogo labarin ya riga mu, an ƙara masa gishiri. Ya yi ajiyar zuciya, ya tattare rigarsa kamar mai tsallake kwata, ya hau, ya lafe a can ƙurya iyakar nisan da bodi ya ba shi da karyar. Na ce, "Malam a riƙe ƙarfe, kada a riƙe wutsiya." Bai yi dariya ba.

Tafiyar farko lafiya lau. Na bi a hankali, ina lallaɓa ramuka kamar masu barci. A inda hanya ta ɗan gangara in kashe inji don man ya kai, ko da yake gangaren ƙasarmu sai mai imani ne yake ganinsa. Da injin ya yi shiru sai ka ji duniya ta yi tsit, ba tsuntsu, ba kukan jaki, sai tayoyi suna raɗa da ƙasa. Kawalwalniya ta kwanta a gaba kamar tafki, ƙauyuka suna yawo a samanta, masallaci da rumbunansa ba su taɓa ƙasa ba. A madubi ina ganin Durwa, da farko tana rawar jiki, can ta saki, ta ɗaga hanci. Sai dai babu abin karantawa a iskar shekarar, ba mai dafa komai. Ta gaji ta ɗora haɓa a cinyar Baba. Shi kuma fuskarsa a sama, yana ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana faɗa mata sunayen dazuzzukan da suka taɓa shiga.

Lagireto ya fara tafasa tun ba mu yi rabi ba, na tsaya na ba shi rabin jarka. Muka ƙara gaba. Rana na kaiwa tsaka, a wani fili da ko inuwar tsinke babu, motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta ce ga garinku. Man 'yan bumburutu ya toshe kafireto. Na buɗe gaba na shiga kwance-kwance, ina zuƙar fetur da baki ina tofarwa. Na sha man da har yau in zan yi gyatsa sai na matsa daga bakin murhu.

Mota a tsaye ita ce maƙiyiyar kare. Tana tafiya iska na yi masa aiki, ta tsaya rumfar ma ta koma tanda. Ina cikin inji na ji Baba ya ce, "Direba. Numfashinta ya sake."

Na zagayo. Buhun ya bushe ƙayau. Durwa ta miƙe a gefe, harshe ya zubo ya yi duhu, yawu ya yi kauri yana igiya, haƙarƙari na bugawa kamar ana tankaɗe. Na san wannan kallon. Na duba jarka. Abin da ya rage, in na ba ta lagireto ya ƙone mu kwana uku a filin nan mu mutu mu huɗu, in na ba lagireto ita ta tafi, tsohon kuma ya koma kango. Na ɗiba mata abin da zan iya a kwano, na ce sauran na mota ne, ba yadda zan yi.

Malam ya dubi butarsa. Cike take, ya tanade ta don azahar.

"Nawa take bukata?"

Na ce, "Duk abin da ke ciki, Malam. Amma sallarka fa?"

"Ni ƙasa ta ishe ni. Ita ba ta iya taimama ba. Faɗa min inda zan zuba."

Na ce kada ya sheƙa mata a ka. A jiƙa buhu tukuna, sannan tafin ƙafafu, da ciki inda ba gashi, da hammata, da bayan kunne. A baki kuwa ɗigo-ɗigo, in ta haɗiye a ƙara, in aka ɗura mata da yawa dawowa zai yi. Sai iska. Ba mu da mafici. Malam ya matso da gwiwa, ya kama hannun babbar rigar nan tasa mai guga, ya shiga kaɗawa. Ni na koma inji. Duk sanda na ɗago sai in hango farar riga tana tashi tana sauka a tsakiyar filin nan, kamar wani babban balbela ya sauka a motata yana koyon tashi. Baba na riƙe da kanta, Malam na fifita yana motsa baki. Ban san me yake karantawa ba, ban kuma tambaya ba.

Can na ji Baba ya ce, "Ta lashe ni."

Kusan tare da haka motar ta yi atishawa ta tashi. Na zuba wa lagireto rabonsa, Malam ya sauka ya daki ƙasa ya yi sallarsa, mu ma muka bi. Da zai hau na ga gaban rigarsa duk gashi da yawu, na ce, "Malam, yau akwai wanki. Sau bakwai har da ƙasa. Ni haka nake yi wa bodin nan duk sanda na sauke su."

Karon farko ya yi dariya. "Motar kake wankewa sau bakwai? Bawan Allah, ai wannan hukuncin ƙwaryar da ya sa baki a ciki ne."

"Shekara da shekaru ina dirzar ƙarfe!"

"Allah ya ba da ladan tsafta. Ni dama ba hukunci nake tsoro ba, bakin mutane nake tsoro. Ja mu tafi kafin ta sake."

Wannan karon bai koma ƙurya ba.

Bagwai muka shiga da la'asar. Bayan filin da muka baro, ganin kore sai ya zama kamar an yi maka ƙarya. Ruwan dam ya ja baya sosai, amma yana nan, yana ƙyalli, ga lambuna a gefensa, albasa da tumatir, ga ƙanshin danyar ƙasa. Durwa ta miƙe da kanta, hanci na rawa, ta rasa wanne za ta fara karantawa. Audu Maharbi gajere ne mai faɗi, murya kamar ganga. Ya rungume Baba yana zaginsa irin na abokai.

"Ila! Ashe yunwa ma ta ɗanɗana ka ta tofar?"

"Ta ce sai ta gama da masu tumbi tukuna."

Aka sauke Durwa, Audu ya duba haƙoranta ya duba tafinta, ya ce ta zo gida. Ya ɗaure ta a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, aka kawo mata kan kifi a kasko. Ta isa da ranta, sharaɗi ya cika. Ni har na fara lissafin ko man zai kai mu Ungogo ko sai mun tura.

Baba ya tsuguna ya shafa ta tun daga kai har wutsiya. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "To, zauna." Ya miƙe ya ce mu tafi.

Motar tana nan dama da shi, kusa ƙwarai, inji na kaɗawa. Malam ya yi gaba zai gyara masa wajen zama. Baba ya juya ya miƙe hagu, hannunsa na lilo a gefen gwiwa yana laluben abin da ba ya nan. Gabansa magudanar ruwan lambu ce, mai zurfi. Durwa ta bar kifin ta zabura, igiya ta dawo da ita, ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin kare ya yi ba.

Malam ya waiwayo. "Baba! Motar tana nan fa."

Baba ya tsaya, ya juyo wajen muryar, ya yi dariya wai ruwan yake son gani. Ya tako da ƙarfinsa kamar mai gani, ya wuce motar, ya shiga dangar Audu da ƙirji.

Malam ya je ya tsaya a gabansa, ya ɗaga hannu ya kaɗa dab da fuskarsa. Idon na nan a buɗe, bai ƙifta ba.

Audu ya ce, a hankali wannan karon, "Ila, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Sai a lokacin na gane zaman da take yi a gwiwarsa. In za a sha kwana ta tura shi, in akwai rami ta tsaya. Ita take kai shi gona, ta kai shi rijiya, ta kai shi ƙofar masallaci ta koma gindin bishiya ta jira. A ƙauyen da ya haddace kowane dutse, kowa ya ɗauka tsoho ne kawai mai son karyarsa, ido ya ɗan yi rauni.

Malam ya juya. Ya nufi gindin mangwaro ya kwance igiyar da hannunsa. Ya zarga mata ta ƙirji da hammata yadda ya ga na yi da safe, har ƙullin bai kuskure ba. Ya sungume ta kamar ɗan rago ya ɗora a bodi, ya cika butarsa a magudana ya jiƙa buhu.

Na ce, "Malam, ina kuma? Ungogon? Da maƙwabtan? Da man da na ƙona na ratso nan?"

"Akwai kango a bayan gidanmu, zan kafa mata rumfa. Duk wanda bakinsa ya yi ƙaiƙayi ya zo ya riƙa kai shi masallaci kullum, in ba shi ladan in ba shi karyar."

Audu ya ƙulle sauran kan kifin a ganye ya miƙa, yana cewa ba a taɓa yi masa baƙuwar da ta ci ta gudu da kwano irin wannan ba. Muka kama Baba muka ɗora shi. Yana zama ta matso ta manne da gwiwarsa, hannunsa ya sauka a wuyanta ba lalube.

Ina shirin rufe bodi Malam ya durƙusa a gaban Baba, murya ƙasa. "Amma Baba, don Allah. Ido ya tafi gaba ɗaya, ka kasa faɗa min? Ni ɗanka?"

Baba ya gyara zama a kan yashi, ya ja kunnen Durwa.

"Ita ma ban faɗa mata ba."